TAKARDAR MAHALA

Shafi na 19

Masu turo saƙo tun asuba wai na bar ku a tsaye a shafi na 18, to ku samu wuri ku zauna. Ke kuma da kika ce za ki biyo ni har gida ki ƙwace wayata, ƙofa a buɗe take, ki taho da ƙosai. Tsohuwa Zilpha ta ɗora daga inda ta tsaya.

*

Litinin ce, ranar wanki, kuma kwana na uku da Baba Isom mai keken doki ya shigo mana da baƙuwar nan a ƙarƙashin ƙunshin zannuwan gado.

Yau shekarata saba'in da takwas. A nan Kanada jikokina kan tambaye ni abin da na ci jiya in rasa amsa, su yi ta dariya, marasa kunya. Amma tsakar gidanmu na Baltimore a shekarar 1853, ko tsinke bai ɓace min ba. Igiyoyin shanya biyar. Tururin babbar tukunya. Ƙanshin sabulun toka da Mama ke dafawa da kanta, ga warin kwalta da iska ke kwasowa daga tasha, inda mijina Gideon ke aikin toshe ɓarakar jiragen ruwa. In rana ta take, masu tallan kaguwa su biyo lungu suna jan murya. Mama kuwa tana gindin baho tana waƙar coci a maƙogwaro, ba ta taɓa kai baiti ƙarshe ba sai ta katse ta yi min faɗa.

"Zilpha, wannan rigar wanke ta kika yi ko gaisawa kuka yi?"

"Mama, cikin ne ya tokare ni. Ba na kaiwa ƙasan bahon."

"Ciki. Wata bakwai da 'yan kwanaki kin mayar da kanki matar gwamna. Ni da cikinki na yi wankin gida guda har da labule."

"To ai shi ya sa na fito da ƙin wanki."

Ta watso min kumfa tana ɓoye dariya.

Ina kewar faɗan nan. Mutane da yawa sun so ni a duniya, amma ban ƙara samun mai yi min faɗa mai daɗin na Mama ba.

Da muka cika igiyar farko da manyan zannuwa, tagar kicin ta rufu ruf. Shi ya sa muke gwajin takardar 'yanci ranar Litinin da rana tsaka. Fitila a tsakar dare ita ke jawo idon maƙwabta, amma ba mai zargin gidan wanki don ya shanya zanin gado.

Mama ta goge hannu ta ce, "Je ki sauko da ita."

Na bubbuga tsani sau biyu da muciya. Baƙuwar ta sauko daga ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin rufi, a hankali, tana dafa bango. Ba mu san sunanta ba, don a aikinmu ba a tambaya. Abin da Baba Isom ya faɗa mana kawai shi ne daga gonar shinkafa a Carolina ta gudo, wani matuƙi ya ɓoyo ta a jirgin katako. Kwana uku ba ta ce komai ba sai "na gode". Tana ci, tana kallon Mama. Na ɗauka gajiya ce.

Mama ta zare tubalin nan na bayan murhu, ta fito da gwangwanin shayi, ta buɗe. Takardar 'yancinta ce a ciki, a naɗe cikin ƙyallen siliki. Ku yaran yanzu ba ku san darajarta ba. Baƙin mutum in ba shi da ita, duk Baturen da ya ga dama sai ya tare shi a hanya ya ce bawa ne. Mama takan ba da aron tata ga macen da ta yi daidai da siffar da ke ciki, ta hau jirgin safe da ita zuwa Philadelphia da rana fes, sannan a dawo da takardar a ɗinke cikin rigar wani matuƙi. Mata shida ta fitar a haka. Duk lokacin da takardar ke waje, Mama ba ta leƙa ko ƙofar gida, ba ta cin abincin kirki, har sai ta dawo.

"Zo nan, 'yar'uwa. Tsaya jikin ƙyauren nan. Cire takalmi."

Akwai tsagar da Gideon ya yi da wuƙa a jikin katakon ƙofa, daidai tsawon da takarda ta faɗa. Baƙuwar ta jingina. Kanta ya zauna a kan tsagar cif.

Mama ta tafa hannu a hankali. "Kin gani, Zilpha? Ko diddige ba sai mun ƙara wa takalmi ba. Furfurar ce dai ta yi yawa, kin fi takardar tsufa, 'yar'uwa. Za mu shafa miki baƙin tukunya da man alade, ki ɗaura kallabi."

Baƙuwar ta ce, "To."

"Akwai maganar tabo a wuyan hannu. Wannan da kakin kyandir za mu yi miki, mu naɗe da tsumma. In mai duba tikiti ya ce a kwance, sai ki yi ta wash-wash kamar ya fama miki. Ba sa son taɓa mu, zai ƙyale."

"To."

"Sai abu na ƙarshe, kuma shi ne babba." Mama ta ɗaga yatsa, yadda take yi wa kowacce. Na haddace jawabin nan har nakan kwaikwaye ta in ba ta nan. "Kina sauka, ki miƙa ta ga wanda aka ce ki miƙa wa. Ba gobe ba, ba jibi ba. Duk wadda ta riƙe takardar wata, ta kashe ta ne, wuƙa ce kawai ba ta ɗauka ba. Kin ji ni?"

Baƙuwar ta daɗe tana kallonta.

"Na ji ki sarai."

"Madalla. Zilpha, karanta mata. Layi-layi, tana maimaitawa har ya zauna."

Mama ba ta iya karatu ba, ni ce mai karatun gidan. Na zauna a kan benci kusa da murhu, inda duwatsun guga ke jere suna ɗaukar zafi. Na warware takardar a kan cinyata.

"Jihar Maryland, gundumar Kent. Ana shaida wa duk wanda abin ya shafa cewa mai ɗauke da wannan takarda, Mahala Dorsey..."

"Baƙa ce," in ji baƙuwar. "Shekara goma sha tara. Tsawo ƙafa biyar da inci uku. Da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. An haife ta 'ya, ba baiwa ba, kuma a wannan gunduma ta tashi."

Na bi layin da yatsa. Ko kalma ɗaya ba ta kuskure ba.

Na yi dariya, ni shashasha. "Goggo, Baba Isom ne ya biya miki a hanya?"

"Baba Isom ya iya karatu ne?"

Bai iya ba.

"Juya bayanta, 'yar nan. A kusurwar ƙasa akwai jan tabo kamar shatin yatsa."

Na juya. Yana nan. Tun ina ƙarama nake ganinsa, na ɗauka jini ne.

"Ruwan inabin daji ne. Ƙanina Josiah ne ya taɓa ta da hannunsa ranar da na karɓo ta daga kotun Chestertown. Na mare shi har ya yi fitsari a wando." Ta juya wajen Mama. "Sannu, Rhoda."

Murfin gwangwanin ya suɓuce daga hannun Mama, ya gangara ƙarƙashin tebur yana ƙara. Ba wanda ya bi shi.

Na ce, "Wace ce Rhoda?"

Baƙuwar ta ɓalle maɓallin hannun rigarta na hagu, ta naɗe zuwa gwiwar hannu. Tabo ne babba, tsoho, ya baje ya yi laushi, irin wanda ya girma tare da mai shi.

"Ina shekara shida tukunyar sabulu ta kife min. Ke fa, Rhoda? Nuna wa 'yarki naki."

Ba sai an nuna min ba. Na san tabon Mama fiye da tafin hannuna. Ɗan ƙarami ne mai tsini, siffar bakin dutsen guga. Ina yarinya nakan hura masa iska in ce ya warke, ita kuma ta ba ni labarin yadda ta faɗa wa dutsen gugar kakata tana shekara shida. Sau nawa na sa ta maimaita min labarin nan kafin in yi barci.

"Mama?"

Mama ta nemi kujera da hannu, ta zauna. Muryarta ta dawo ƙarama.

"Ban gane ki ba."

"Ina za ki gane ni? Shekara ashirin da uku ina tsaye cikin ruwan shinkafa. Haƙora shida na bari a can."

"Na ɗauka kin mutu."

"Kin ɗauka, ko kin yi fata?"

Mama ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Don Allah wani ya yi min magana. Mama, me take cewa?"

Baƙuwar ce ta amsa, ba tare da ta ɗaga murya ba. Har ta gama ba ta ɗaga ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro.

"Uwarki baiwa ce a wata gona bayan garinmu. Aka sayar da mijinta, tana da tsohon ciki. Mutanen cocinmu suka zo suka ce, Mahala, ga wata tsawonku ɗaya, ki ba ta aron takardarki ta tsallaka, mako biyu a dawo miki da ita. Ni da kaina na zaunar da ita a bayan rumbun masara na biya mata layi-layi, kamar yadda kike yi yanzu. Na ce za mu yi tabon da kaki. Ta ce a'a, kaki yana narkewa. Ta ɗauki dutsen guga daga kan wuta ta ɗora wa kanta, a gabana, ko uhm ba ta ce ba. A ranar na ce a raina wannan mace ce, ba za ta ci amanata ba."

"Mahala," in ji Mama.

"Au, kin tuna mai sunan?"

Sunan da na taso ina jin maƙwabta na kiran uwata da shi, yau ga shi a bakin uwata tana kiran wata. Har yau bakina bai saba ba, shi ya sa za ku ji ina ta ce mata baƙuwa.

Mama ta ɗago ta dube ni. Ni ta yi wa bayanin, ba ita ba.

"Philadelphia zan wuce, Zilpha. Allah ya sani can zan wuce. Jirgi ya tsaya a nan Baltimore, ina kan gadar tasha naƙuda ta kama ni. Mutane suka taru, har da ɗan sanda. Ya ce ke wace ce, ina takardarki? Na nuna. Aka ɗauke ni zuwa gidan wata ungozoma, a nan aka haife ki. Ranar Lahadi limamin coci ya zo ya rubuta a littafinsa, Zilpha, 'yar Mahala Dorsey, an haife ta 'ya."

Ta ci gaba.

"Na dube ki a tsumma. Kin san doka, ɗa uwarsa yake bi. In na mayar da takardar, na koma Rhoda, ke kuma kin zama dukiyar wani. Na ce bari in yi arba'in. Da na yi arba'in na ce bari ki yi ƙwari. Matuƙin da zai karɓa ya zo sau biyu, na ɓuya a bayan gida. Kullum ina cewa mako mai zuwa."

"Ni kuma ina zaune a ɗaki," in ji baƙuwar. "Mako biyu. Mako huɗu. Ba zan iya zuwa kotu in ce ta ɓata ba, sai su ce ina ta ɓata, in tona asirin coci gaba ɗaya. A mako na shida uwata ta kwanta ciwo, na fita nemo mata magani. Mutum biyu a kan doki suka tare ni a gada. Ina takardarki? Na ce tana gida. Suka ce mu ma gida za mu kai ki."

Wuta ta yi ƙara a cikin murhu. A waje iska na kaɗa zannuwa.

"Ban ƙara ganin uwata ba. Ko maganin bai kai gare ta ba."

Mama ta rufe fuska da tafukanta. Hannuwan nan da ruwan toka ya tsattsage, waɗanda suka yi min kitso, suka ɗinka rigar aurena. Na so in je in rungume ta, na kuma so in fita daga gidan kada in ƙara ganinta. Duka biyun na ji a lokaci ɗaya, kuma ban motsa daga bencin ba.

Can na ce, "Shi ya sa."

Mama ba ta ɗago ba.

"Shi ya sa duk sanda na ce zan je kotu in karɓi tawa takardar, sai ki ce ba yanzu ba. Ki ce akawun mugu ne. Ki ce ana sanyi. Har Gideon ya yi fushi ya ce kin raina shi."

"Sai an kawo Baturen da zai rantse ya san uwarki tun haihuwarta. Wa zan kawo?"

"Ke nan ni..."

Na kasa ƙarasawa. Baƙuwar ta ƙarasa min.

"Baiwa ce ke, 'yar nan. Ke da abin da ke cikinki. 'Ya'yan tsohon ubangijin uwarki suna nan tsallaken ruwa, tafiyar wuni guda. Ba su san suna da ku ba ne kawai."

Na dafa cikina. Shekara ashirin da uku ina tafiya a titin Baltimore kaina a sama. Ina tausaya wa matan da muke ɓoyewa, ina ɗumama musu ruwa, a raina ina cewa Allah sarki, bayi. Ashe ni da su duk ɗaya ne, bambancin takardar wata ce.

Mama ta share fuska, ta gyara zama. Na ga tana tattaro ƙarfinta.

"Ban ci ta a banza ba, Mahala. Mata shida ta fitar. Shida. Duk sanda ta fita ina zaune a nan ba takarda, ina jiran a zo a kama ni, ina cewa ko Ubangiji zai rage min."

"Na sani. A haka na samo ki."

"A haka?"

"Wani da aka kamo aka dawo da shi gonarmu ne ya ba da labari, wai a Baltimore akwai wata mai wanki, takardarta ba ta taɓa faɗuwa ba, takardar Mahala. Ina tsaye da kwando a kaina na ji sunana a bakin wanda bai san ni ba. Shekara biyu ina shiri. Duk gidan da aka sauke ni sai in ce a kai ni wurin mai takardar tabon hannu." Ta yi wani ɗan murmushi marar daɗi. "Shida. Kin yi sadaka, Rhoda. Da kayana."

"To ki hau jirgin Laraba da ita. Ki riƙe ta, kada ki dawo da ita. Taki ce. Ni zan zauna haka."

"Ba inda zan je."

"Kamar yaya?"

"Kin ɗauka Philadelphia na zo nema? Me zan yi da Philadelphia da wannan jikin?" Ta zauna a kan kujerar da ke fuskantar Mama, ta ɗora hannuwa a gwiwa. "Uku na haifa a can. Amos, aka sayar da shi yana shekara tara. Silas, yana sha ɗaya. Ban san inda suke ba, ba kuma zan sani ba. Da takardar nan na hannuna, da duk 'ya'ya ne, ba mai taɓa su. Saura ɗaya."

Ta dubi takardar, ta ɗora.

"Maigidan ya mutu a bazara. Ranar sabuwar shekara za a yi gwanjon mutanen gonar. An ce min akwai wani lauya Bature a garin nan mai ƙin bauta. In na kai masa takardar, na nuna tabona, aka samo waɗanda suka san ni a Chestertown, zai rubuta wa kotun can cewa uwar yarinyar 'ya ce, sace ta aka yi, a dakatar da sayar da ita. Ban ce za a yi nasara ba. Amma ita ce kaɗai ƙofar da ta rage min."

Mama ta ce, "Zai tambaye ki inda takardar take duk shekarun nan."

"Zai tambaya."

"Kuma rantsuwa za ki yi."

"Da Littafi a hannuna."

"Duk lungun nan sun san Mahala Dorsey mai wanki. Kwana biyu ba za a yi ba magana ta tsallaka ruwa."

"Na sani."

"Za su zo su tafi da Zilpha."

"To ku gudu. Ai kun san hanya, ku ne masu nuna wa mutane."

"Da wannan cikin?" Mama ta miƙe tsaye. "Dube ta. Ba ta da takarda, sai dai a ɓoye ta a ƙasan jirgi tsakanin ganguna, kwana biyu a duƙe, ba iska. Ke kin shiga, kin san yadda yake. Za ta fito da rai? Ɗan zai fito da rai?"

Baƙuwar ta dubi cikina. Na ga idonta ya yi laushi, sannan ta kawar da kai.

"Laraba zan je wurin lauyan."

Sai Mama ta yi abin da ban taɓa gani ba. Mama da ba ta rusuna wa matan Turawan da take wa wanki, Mama da ta taɓa korar ɗan sanda daga ƙofarmu da muciya, ta durƙusa a kan daɓen kicin ta kama gefen zanin matar nan.

"Ni ki yi min duk abin da kika ga dama. Ki kai ni da hannunki, zan bi ki. Amma ki bari ta haihu. Kirsimeti za ta sauka. Mako shida kawai, Mahala. Mako shida, in fitar da ita da jaririn, sannan ki je."

"Mako shida sabuwar shekara ta yi. An riga an buga ƙararrawar gwanjo."

"To biyar. Huɗu. Ki ba ni lokaci kaɗan."

Baƙuwar ta zare zaninta daga hannun Mama a hankali.

"Wancan karon mako biyu kika ce."

A lungu mai tallan kaguwa ya wuce yana jan muryarsa, yara na binsa suna kwaikwayo. Sai a lokacin su biyun suka tuna inda takardar take. Tana kan cinyata, a ƙarƙashin tafina, ta jiƙe da gumi a gefe.

Baƙuwar ta miƙo hannu, tafin a buɗe.

"Ba ni, 'yar nan. Ke ba ki yi min komai ba."

Na miƙe da ƙyar, ina dafa bango. Tsakanina da ita taku uku ne. Tsakanina da murhu taku ɗaya.

Mama tana durƙushe har yanzu. Ba ta dube ni ba. Ƙasa take kallo, ta yi maganar can ciki, da muryar da ban san tana da ita ba.

"Zilpha. Ƙofar murhun a buɗe take."

"Mama..."

"In babu takarda, babu magana. Baiwa ce da ta gudo, ba wanda zai saurare ta. Zunubin nawa ne, ni na ce ki yi. Ki tuna da abin da ke cikinki."

Na ɗauka baƙuwar za ta yi tsalle ta ƙwace. Da ta yi, da ta sauƙaƙa min. Ba ta motsa ba. Hannunta na nan a miƙe.

"Ba zan yi kokawa da mai ciki ba," ta ce. "In za ki ƙona, ƙona. Amma ki san wa kike ƙonawa. Sunanta Lettie. Shekararta goma sha huɗu. Tana da wushirya, tana tsoron tsawa, har yanzu sai ta riƙe rigata take barci. Da zan taho na ce mata ki ƙirga Lahadi, kafin ki kai ashirin zan aiko a ɗauke ki. Jiya ta ƙirga ta goma sha huɗu."

A daidai nan ɗan cikina ya yi motsi, ya harbe ni a ƙarƙashin haƙarƙari, da ƙarfi.

Na san abin da kuke cewa. Kuna cewa da ku ne, da tuni kun miƙa wa matar nan takardarta. Ni ma da safiyar ranar, da an tambaye ni, haka zan ce, har in yi rantsuwa.

Na juya wajen murhun.